Ranar da Sale Ya Tsaya Mu Muna Zaune

Kalma ɗaya ce a saman takardar nan da kuka tashi kuka gani a bangon zaurena, an rubuta ta da manyan baƙaƙe da Faransanci, kuma duk cikinku babu wanda ya taɓa tambayata ma'anarta sai bana, da Rabi ta zo daga Pitowa ta tsaya a gabanta tana karantawa da ƙarfi: similtane. Ta duba a wayarta, wayar ta ce mata abubuwa ne da suke faruwa a lokaci guda. Ta juyo ta ce, to Baba, mene ne ya faru a lokaci guda? Na ce ta shiga ciki ta taya uwarta tsince shinkafa. Ta shiga, amma tambayar ba ta bi ta ba, nan ta zauna tare da ni, shi ya sa na ware mata wannan babi. Kun san labarin yadda ake ba da shi a unguwar Yelwa: wai duk Garwa ubanku ne kaɗai Bappa Sale, Allah Ya jiƙansa, ya kasa ci. Ni ma haka na riƙa ba da shi, har da ƙarin gishiri. Yanzu na haura saba'in, kuma mutum ɗayan da ya san gaskiya ya riga ni tafiya, don haka zan ba da shi yadda ya faru.

Wayar ba ta yi ƙarya ba, wasa ne dai ba ta sani ba. A bakin masu buga eshek, wato darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, similtane sunan wani irin zama ne. Ana jera tebura a yi da'ira, a ɗora allo ashirin ko fiye, kowane allo da mutum ɗaya zaune ta waje. Gwani ɗaya tak yake shiga tsakiya, kuma ba ya zama. Fararen 'ya'ya nasa ne a kowane allo, don haka shi ke farawa. Yana tafe yana bugawa, daga wannan allo zuwa na gaba, har ya zagayo. Kai da kake zaune ba ka da ikon taɓa ɗa sai ya iso gabanka, da ya iso kuwa dole ka buga a kan idonsa, ya ba ka amsa, ya wuce. In tunaninka bai nuna ba, an yarda ka ce masa "wuce", amma sau uku kawai. Wanda aka ci ya tashi ya ba da wuri, da'irar tana raguwa, gwanin yana ƙara saurin dawowa. Ku lura da abin da ke cikin tsarin nan. Kai kana da kujera da inuwa da kusan rubu'in awa na tunani, shi yana da ƙafafunsa da ƙiftawar ido. In ya ci ka, a ce mutum ɗaya ya gama da ashirin. In ka ci shi, a ce ai hankalinsa ya rabu gida ashirin. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan zama ya iya ƙasƙantar da mutum cikin ladabi.

Ni na kawo eshek gidanmu. Wannan ku riƙe shi da kyau, don ba a cika faɗa ba. Lokacin ina awon auduga a ma'aikatar gurza ta Pitowa, akwai wani akawu mutumin Kayele, Misye Daniyel, Kirista ne mai haƙuri da Hausa mai daɗi, shi ya koya min a hutun rana a ƙarƙashin rumfar buhuna. Na sayi allona na kawo gida. Mahaifinmu, wanda kakansa ya zo daga Kano da jakai da goro, ya dubi 'ya'yan ya ce shi bai ga abin da ya raba su da gumaka ba, sai dai in a zaure za su tsaya. A zauren na koya wa Sale. Shekara takwas na ba shi, yana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, a lokacin. Da fari sarauniyata nake cirewa in ajiye gefe, in ci shi haka ina shan shayi. Damina ɗaya aka yi, na mayar da sarauniyar kan allo. Kafin a fara tsinkar auduga ya ci ni. Na ce na gaji ne daga aiki. Ya sake ci na, na ce kaina ke ciwo. A na uku na aike shi kasuwa sayen abin da ba na bukata.

Ni jinin 'yan kasuwa ne, a kan allo ma haka nake. Ɗan da ya shigo hannuna ba ya fita, nawa kuma ba na ba da shi sai da ciniki. Sale kuwa wasansa irin na almubazzari ne, ya ba ka doki, ya ba ka soja, kana murna kana tarawa, sai ka ɗaga ido ka ga sarkinka ba shi da hanyar fita. Abin da ya fi ci min rai, in ya ci ni ba ya murna. Sai ya sunkuyar da kai ya fara jera 'ya'yan, kamar ya yi laifi. A gidanmu ƙani ba ya kiran wa wasa, wan ne zai ce, wane ɗauko allo. Na fara rage kira. Da ya tafi Yawunde karatu, wallahi na ji sauƙi a raina, kuma na ji kunyar jin sauƙin.

Sauƙin bai daɗe ba. Sunansa ya fara fita a rediyo, aka ce ya ci wane, ya ci wane, har an tura shi wata ƙasa. Ya zama malamin lissafi, amma mutane ba lissafin suke zance ba. In na shiga kasuwa sai in ji an ce, "Ga yayan Sale nan." Da can shi ne ƙanin Isiyaku. Babu wanda ya yi shelar canjin, kawai na wayi gari na tarar an juya sunan. Zan faɗa muku sunan abin da na ji ba tare da kwana-kwana ba: kishi ne, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon miya. Ina son Sale, in ya yi zazzaɓi a Yawunde ni ne ba na sukuni a Garwa. Amma in aka yabe shi a gabana, sai in ji kamar an zare wani abu daga aljihuna an saka a nasa.

Shekarar da aka haifi ɗan'uwanku Aminu, cikin bazara, Sale ya zo hutu. Misye Daniyel ya riga ya bar aiki ya dawo Garwa, yana da 'yan wasansa da suke taruwa a gindin wata darbejiya, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da direbobi biyu. Shi ya shirya a yi similtane a farfajiyar wata makaranta ranar Asabar, allo ashirin da huɗu. Maganar ta iso gida kafin ni. Na shigo na tarar da Dada, kakarku, tana kan tabarma tana ɓare gyaɗa, uwarku Mairamu tana gefe da jariri.

"Isiyaku, wai me ake cewa Sale zai yi ranar Asabar?"

Na yi mata bayani kamar yadda na yi muku.

"Shi yana tsaye, ku kuna zaune?"

"Haka ne, Dada."

"To alhamdulillahi, bokon bai ɓata shi ba. Yaro ya tsaya, manya su zauna, ai haka muka tashi muka gani."

Uwarku ta sa bakin zane ta rufe baki. Ita ta fahimci abin da Dada ba ta fahimta ba, kuma ta san na san ta fahimta. Ni da nake aiken yaron nan ya ɗauko min takalmi, yanzu ba zan ɗaga hannuna ba sai ya iso gabana, kuma da ya iso dole in ɗaga, a gaban mutanen gari. Sale da kansa ya hango haka. Bayan la'asar ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Hamma yake kirana, wato yaya da Fulatanci.

"Hamma, na ce wa Misye Daniyel ba sai ka zauna a layi ba. Kai ne babban baƙo. Ka buɗe taro, ka faɗi yadda ka koya min."

"Wato in zo in yi maka roƙo."

"Ba haka nake nufi ba, Hamma."

"Ko tsoro kake ji?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ina ji mana. Kai ka san inda nake tuntuɓe."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yanzu na sani. A lokacin kuwa ba'a na ji a ciki, da tausayi, kuma tausayin ya fi ba'ar ciwo. Na ce a rubuta sunana. Kwana biyar ina dawowa daga Pitowa in baje allo ni kaɗai, ina buga fari ina buga baƙi, abinci yana hucewa a gefe. Ranar Juma'a uwarku ta zo ɗaukar kwano ta tarar ban taɓa ba. Ta tsaya ta dube ni.

"Malam, wannan ba shiri ba ne, ciwo ne."

"Ina ruwanki da wasan maza?"

"Babu. Amma ƙaninka ne fa, ba ɓarawo ba. In ya ci ka, gidanku aka ci, in ka ci shi, gidanku aka ci. Ni dai ka ci tuwon."

Ranar Asabar Garwa ta yi irin zafin nan da kuka sani, wanda ko ƙadangare ke neman inuwa. Duk da haka na saka babbar riga ta shadda mai faɗin hannu, da hula, don kowa ya ga wane ne babba. Sale ya zo da 'yar shat mai gajeren hannu da takalmin roba. Aka ba ni allo na goma sha bakwai. Mutane sun cika farfajiyar, har masu babur sun kashe injin sun hau katanga. Misye Daniyel ya karanta ƙa'idoji da Faransanci, ya maimaita da Fulatanci, ya sake da Hausa. Aka fara. Sale yana tafe yana tura soja ɗaya a kowane allo, ko tsayawa ba ya yi. Da ya iso gabana sai ya tsaya cak, ya rusuna, ya ce, "Hamma, bismilla." Na ji jama'a suna cewa, kai, yaron nan da tarbiyya. Ko ladabin da ya yi min, shi ya ci ribarsa.

Abin da ba za ku gane ba sai kun zauna a irin layin nan shi ne ƙarar takalmi. Kana kallon allonka, amma kunnenka yana wajen ƙafarsa. Ka ji ta yi nisa, ka samu numfashi. Ka ji tana matsowa, allo na goma sha huɗu, na sha biyar, na sha shida, sai tunanin da ka gina ya rushe. Wani likita ya tashi tun rana ba ta karkata ba. Direbobin biyu suka tashi tare suna dariya. Wani malamin firamare ya yi ta gardama da kansa har ya miƙa hannu. Ni kuwa na yi wasa mai kyau ranar, wannan gaskiya ce kuma ba zan rage ta ba. Na kutsa da dokina har ƙofar sarkinsa, na ajiye sarauniyata a inda take hango lungun. Amma sau uku na buɗe baki na ce wa ƙanina "wuce". Zuwa la'asar sakaliya saura allo shida, ni kuma ba ni da sauran "wuce".

A zagayen nan ne ya iso, ya dubi allon kamar mai duba agogo, ya tura ɗa guda, ya wuce. Na duba na ga abin da ya yi min. Ya kai wa sarauniyata hari, dokina kuma yana bakin wani sojansa. 'Ya'ya biyu a cikin hatsari, bugu ɗaya a hannuna. In na tserar da sarauniya, doki ya tafi. In na tserar da doki, sarauniya ta tafi, wasa ya ƙare. Gumi ya karyo min a ƙarƙashin shaddar. Na hango kaina ina tashi daga kujera, mutane suna cewa, ai yayan ma ya yi ƙoƙari. Wannan "ya yi ƙoƙari" ita ce ba zan iya ɗauka ba.

A irin wannan zama idon jama'a ba ya kan allo, yana kan mai tafiya. Duk inda Sale ya nufa nan kawuna ke juyawa, kamar kaji da mai watsa tsaba. A lokacin yana can ɗaya ɓangaren, ya ba ni baya, wani ɗan kasuwa ya tsayar da shi yana jan lokaci. Kujerun dama da hagu duk an tashi. Na miƙa hannu kamar zan ɗauki kofin ruwa da ke gefen tebur, hannun rigar ya rufe rabin allon, na sa yatsa biyu na janye dokin zuwa gidan da babu mai taɓa shi. Na ɗauki kofin na sha ruwa. Ba tsautsayi ba ne, ba riga ce ta share shi ba. Ni na yi, da sanina, da hankalina, ina da shekara arba'in da 'ya'ya uku.

Takalmin ya matso. Ya tsaya a gabana, na janye sarauniyata a kan idonsa, yadda ƙa'ida ta ce. Bugu biyu ke nan na yi a madadin ɗaya. Sale bai amsa ba. Tun da aka fara bai daɗe a kan wani allo ba kamar yadda ya daɗe a nan. Ya dafa gefen tebur da hannu biyu, ya dubi gidan da dokin yake, ya dubi gidan da ya baro. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na ji wani a bayana yana raɗa cewa yayan ya matsa masa. Na zauna ina jira ya kira Misye Daniyel. Sai ya ɗauki wani ɗa can gefe ya tura, bugu marar zafi marar sanyi, ya wuce.

Sauran biyar ɗin bai ɓata lokaci da su ba. Aka bar ni ni kaɗai. Al'ada ce in saura allo ɗaya a kawo wa gwani kujera, don tafiya ta ƙare. Aka kawo, ya girgiza kai bai zauna ba. Muka yi bugu kamar shida yana tsaye, sannan ya miƙo hannu.

"Hamma, nul?"

Canjaras ke nan, babu wanda ya ci. Na karɓi hannun. Yana da sanyi, nawa sharkaf da gumi. Misye Daniyel ya ɗaga murya ya ce ashirin da uku an ci, ɗaya ya tsira, kuma ɗalibinsa ne na Pitowa. Ya rungume ni har hulata ta faɗi. Shi ya rubuta takardar nan ta bangon zaure da hannunsa, dattijon kirki, ya rasu bai san abin da ya sa wa hannu ba. Dada ta sa aka yanka kaji biyu, ta ce dama ita ta san ƙani ba ya kayar da wa. Uwarku kuwa ta lura na ci tuwo har na nemi ƙari.

Daɗin ya yi kwana biyu ko uku. Bayan haka abin da ya rage shi ne shirun Sale, kuma ku ji ikon Allah, shirun ma na yi kishinsa. Da ya tona ni a gaban jama'a, da na samu abin riƙe shi da shi, in ce ga yaron da ya ci mutuncin wansa a kan itace. Amma ya bar ni da komai: sunan, da takardar, da kajin. Ya fi ni wasa, yanzu kuma ya fi ni hali, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Shekara ashirin da takwas ban ƙara cewa ya ɗauko allo ba. Yana zuwa da salla, ya durƙusa ya gaishe ni, mu yi hirar ruwan sama da cikar Binuwai da auren yara. In baƙi suka tambayi takardar, sai in gyara zama in ba da labari, wani lokaci yana wurin. Ya kan gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, Hamma ya matsa min ranar." Duk sanda ya faɗi haka sai in ji kamar in tashi in bar masa zauren.

Ya bar aiki ya dawo Garwa, ya zauna a unguwar Rumde Ajiya, ciwon suga ya cinye masa ido. Shekara uku da suka wuce, da Allah Ya nufe ni da tafiya Makka, na bi dangi da maƙwabta ina neman gafara kamar yadda aka saba. Na je wurin kowa, har wanda muka yi rigimar iyakar gona da shi. Sale na bari a ƙarshe, sai ana jibi tashi. Na same shi da hantsi a gindin mangwaronsa, yana sauraron rediyo. Ya ji muryata ya yunƙura zai sauka daga kujera, na dafa shi na ce ya zauna. Muka gaisa, muka sake gaisawa, har gaisuwar ta ƙare.

"Sale, ranar similtane na taɓa doki."

"Na sani, Hamma."

"Na san ka sani. Faɗar ce ban taɓa yi ba."

Ya kashe rediyon. Ya ce in shiga ɗaki, a kan kabad akwai allo. Na ɗauko. Ya fara kiran 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, wannan a gida kaza, wannan a gida kaza, fari da baƙi, ni ina jerawa. Shekara ashirin da takwas, allo ɗaya cikin ashirin da huɗu, ga shi ba ya gani, amma ko soja ɗaya bai ɓata ba. Ina jerawa ina jin tsohon abin nan yana motsi a ƙirjina.

"Dokin ka sa shi inda yake kafin ka taɓa. Ka sa?"

"Na sa."

"To ba ni sarauniyar. Tura ta gidan da ke jikin sarkina."

"Ai ci za ka yi."

"Dole in ci. Sarki ba zai iya ba, dokinka yana tsare da ita. Sai da tur, hasumiyar nan da ke gefe. Ɗauke min ita ka ci sarauniyar da ita. Yanzu dubi sarkina a lungu. Ta ina zai fita?"

Na duba. Sojojinsa biyu a gabansa, hasumiyarsa ta zo ta toshe gida ɗayan da ya rage. Doki ya yi tsalle ɗaya, shi ke nan, sarki ya mutu a cikin 'ya'yansa. Bugu biyu. Na zauna ina kallon allon.

"Gaggawa na yi," in ji shi. "Ina barin allonka na ga abin da na aikata. Hamma, zagayen nan da murna na yi shi. Har na shirya abin da zan ce wa jama'a, ga wanda ya koya min, ga shi ya ci ni, kuma da sarauniya ya biya. Na dawo na tarar dokin ba ya nan."

"Me ya hana ka ce in mayar da shi?"

"Shi na tsaya ina aunawa. In na ce ka mayar, wataƙila ka gani ka ci ni, amma duk Garwa ta san ka taɓa. In na yi shiru, mutuncinka ya tsira, cin ya tafi. Ban san wanne za ka fi so ba, kuma ba wurin tambaya ba ne."

Na ce ya yafe min. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Dokin tun ranar na yafe. Wanda ya daɗe yana damuna shi ne ba ka ƙara kira ba. Duk zuwan da na yi da salla, allon nan yana cikin jakata. Na yafe wannan ma. Allah Ya kai ka lafiya, ka sa ni a addu'a."

Na sa shi a addu'a, na kuma roƙi Allah a can Ya cire min abin nan daga zuciya. Ya ragu, ba zan yi butulci ba, amma ba zan ce muku ya fita duka ba, don a wannan babi na yi alkawarin gaskiya. Da na dawo mun buga sau da dama a gindin mangwaron, ni ina tura 'ya'yan duka biyu, shi yana kira da baki. Bai bar min ko ɗaya ba, don na ce in ya sake ba ni kyauta ba zan ƙara zuwa ba. In ya ci sai ya sunkuyar da kai kamar da, ni kuma in hau babur in dawo gida ina huci, uwarku ta dube ni ta ce, an sake ke nan. Damina biyu muka samu kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Saboda haka in wani ya ce muku ubanku ne wanda Sale ya kasa ci, ku ce masa ba haka ba ne, kuma ku ba shi labarin duka, kada ku rufa min asiri, an rufa min ya isa. Sau ɗaya a rayuwata na sha gaban Sale a kan allo da wasana na halal, na tsawon zagaye ɗaya, kuma a cikinmu mu biyu shi kaɗai ne ya gani.